Fijon Baba Goni

"Wai ni Ya Kaka, me yaron nan yake haɗawa a ɗaki da wayoyi da batir?"

Kulu na durƙushe a bakin rijiya tana ɗauraye kwanuka tambayar ta faɗo mata a kunne. Muryar Gwaggo Kande ce, ƙanwar mahaifinta, da ta zo daga Ƙofar Mazugal duba ta. Ashe Gwaggo ta leƙa ɗakin amarya ta taga, shi ne ta zarce wajen surukar Kulu ta zauna a tabarma ta rage murya, irin ragewar da duk gidan sai ya ji.

"Motoci ne," in ji Ya Kaka, ba ta daina jan carbinta ba. "Na wasa. Tun yana ƙarami haka yake, da kara ya fara."

"Motocin wasa! Magidanci guda? To wallahi ku bi a hankali. Kin dai ji da abin da aka ce an haɗa masifar da ta tashi ran Juma'ar nan — gwangwanin lemo da waya. Ga shi ku kuma asalinku can Maiduguri ne. Yanzu da an ji sunan mutum Ari sai an sake kallonsa."

"Kakan Ari a nan Zaitawa aka binne cibiyarsa, Kande."

"Ni na sani. Masu bindiga ne ba su sani ba."

Kulu ta ga carbin Ya Kaka ya tsaya cak. Ita dai ta sunkuyar da kai ta ci gaba da ɗauraya.

Watanta huɗu ke nan a gidan. Ba ta wuce aji huɗu a firamare ba, ba ta kuma da yawan magana. Tun a gidansu ake cewa bakinta a ido yake, don komai aka yi ta gani. Mijinta Ari sana'ar hula yake a Ƙofar Wambai, wanki da sayarwa. Tun da aka kai harin nan aka sa dokar hana fita, kafin la'asar ya rufe rumfa ya dawo gida. Yana shigowa sai ya jawo ɗan teburinsa bakin taga, ya ɗauko kwalin da ya tsinta wajen 'yan gwanjo: mota ce ƙarama ta roba, a warwatse, kowane ɓangare maƙale a jikin firam kamar 'ya'yan dabino a zangarniya.

Kulu takan zauna a gefen gado ta yi kamar tana tsintar shinkafa, alhali hannunsa take kallo. Ya sa reza ya yanko ƙofa, ya goge bakin da sanfefa, ya ɗigo gam da tsinke, ya ɗauki sitiyarin da bai kai ƙwayar wake ba da hantsaki. In zai ja layin fenti har numfashi yake riƙewa. Gwangwanayen lemo kuwa yankawa yake ya fitar da bamba da lamba, don ya ce na roba ba sa ƙyalli. Siraran wayoyin da batirin na fitila ne, so yake ta kama kamar ta gaske.

Ran nan da ya dawo, sai da ta ba shi ruwa ta koma gefe, sannan ta iya buɗe baki.

"Malam... Gwaggo ta yi magana a kan kayan nan."

Ya yi dariya. "Madam mai shiru yau an yi magana! Me ta ce? Bam nake haɗawa?"

"Don Allah ka daina faɗa."

"Sori, sori. Matso ki ga bam ɗin." Ya juyo da motar wajen haske. "Fijo ce, irin mai dogon baya. Irinta mahaifinmu Baba Goni ya yi shekara ashirin da biyu yana ja tsakanin Kano da Maiduguri. Shuɗiya ce, amma ƙofar direba fara, tun da saniya ta buge ta a Potiskum aka sake wata, bai taɓa yarda an fente ta ba. Ga carbi a madubi. A cikinta ya ɗauko Ya Kaka tana amarya. Da ya rasu aka sayar, ko hotonta ba mu da shi." Ya rage murya. "Ran Sallah zan ajiye mata a kan dardumarta, fitila a kunne. Filis, Kuluwa, kar ki faɗa mata."

Ta gyaɗa kai tana murmushi a cikin mayafi. Da ya gama na ranar, ta ɗauki motar da sauran ƙananan ɓangarorinta da takardar hotuna ta zuba a babbar kular da aka yi mata kayan ɗaki da ita, ta rufe. Kullum haka take yi, don kada ƙuda ya sauka a kan ɗanyen fenti.

Bayan kwana biyu aka fara jin ana bi gida-gida a unguwannin bayansu ana bincike. Ya Kaka ta kira ɗanta.

"Ari, ka fitar min da tarkacen nan daga gida."

"Ya Kaka, saura ƙiris. Sati biyu kawai."

"Ba na barci, Ari! Kai kaɗai ne namijin da ya rage min."

"In sun zo sai in nuna musu. Ai suna da ido, za su ga mota ce."

Ranar Talata da hantsi, bayan Ari ya fita, Kulu ta shiga wanka. Tana fitowa ta hangi Ya Kaka a bakin zaure, ta yafa babban mayafinta na unguwa, wani abu ya yi tudu a ƙarƙashinsa. Ta shiga ɗaki ta tarar da tebur wayam! Babu gwangwanaye, babu waya, babu batir, babu kwalaben fenti da na tinar tsinka shi. Har takardun da yake naɗe huluna da su an ɗebe. Kula ce kaɗai ba a taɓa ba.

Ba a daɗe ba tsohuwar ta dawo tana haki, hannu babu komai. A gefen mayafinta akwai ɗan zirin shuɗin fenti, ɗanye.

"Sannu da zuwa, Ya Kaka."

"Yauwa, 'yar nan. Yau dai na yi barci."

Kulu ta so ta ce, takardun nan fa akwai rubutu a jiki. Kunya ta riƙe mata harshe. Ya Kaka ta sauke Alƙur'ani tun tana budurwa, amma boko a wajenta zane ne kawai. Ba ta san sunan ɗanta da rumfarsa da lambar wayarsa ne a buge a kan kowace takarda ba. Ita dai ta ga abin naɗe waya ta naɗe.

Kafin azahar aka ji ihu ta wajen bola, mutane na gudu ana cewa an ga buhun bam. Kafin la'asar Haruna, maƙwabcin rumfar Ari, ya yi sallama a zaure. Waɗansu mutane ne da bindigogi, in ji shi, suka zo a mota marar lamba, suka nuna wa Ari takarda mai sunansa, suka rufe masa fuska da rigarsa. Ko takalminsa ba su bari ya sa ba. Ga takalman ya kawo.

Ya Kaka ta zame ta zauna a ƙasa. "Takarda?" ta ce. "Wace takarda?" Kulu ta ga lokacin da tsohuwar ta gane.

Falmata, yayar Ari, ta iso daga gidan mijinta ko mayafi ba ta yafa daidai ba. Da ta ji bayani sai ta juyo kan Kulu.

"Wa ke shiga ɗakin nan in ba ke ba? Gwaggonki ta zo ta zuga ki, kin kwashe kin kai bola! Shiru-shirun munafunci! Kin kashe mana shi, hankalinki ya kwanta?"

Kulu ta dubi Ya Kaka. Ya Kaka ta dubi ƙasa. Leɓenta ya motsa, ya sake motsawa, abin da ya fito kawai shi ne, "Ƙyale yarinya, Falmata."

"In ƙyale ta? Ki ji ta ko musu ba ta yi!"

Ba ta yi ba kuwa. Hawaye ne kawai ke zuba a kan takalman da ta rungume.

Aka nema, aka nema. Haruna da mazan dangi babu inda ba su je ba. Nan a ce ba a san da shi ba, can a ce su bar wajen tun suna da ƙafafunsu. Wani ya ce an kai shi Abuja, wani ya ce ya ga mai kama da shi a bayan mota an nufi gabas. Sallah ta zo ta wuce. Maƙwabta suka rage shigowa, masu aiko da tuwon Sallah suka tsallake ƙofar. In Kulu ta fita ɗibar wuta ko kai niƙa, sai zance ya mutu har ta wuce.

Da shekara ta zagayo Gwaggo Kande ta zo da saƙon Malam Isiyaku, mahaifin Kulu.

"Babanki ya ce ki haɗa kayanki. A je wajen alƙali a raba auren nan. Shekararki goma sha tara, Kulu! Za ki tsufa kina jiran wanda ba a san ko yana numfashi ba, a gidan da ake kiranki makashiya?"

"Gwaggo, a ƙara min lokaci."

"Lokacin me? Waɗanda aka ɗauka, nawa kika ga sun dawo?"

"In na tafi wa zai ɗora wa Ya Kaka ruwan alwala? Ƙafarta ta kumbura."

"Tana da 'ya!"

"Ya ce sati biyu ne," Kulu ta faɗa a hankali, ita kanta ba ta san me ya sa ta faɗa ba. Gwaggo ta tafa hannu ta yi salati ta tashi. A zaure Kulu ta bi ta da roƙo ɗaya: a ce wa Baba ya aiko mata da ɗan ƙaro cikin wanda yake haɗa tawada da shi. Gwaggo ta dube ta kamar mai taɓin hankali, amma ta aiko.

Tun daga nan, kullum bayan la'asar, Kulu sai ta tura ƙofa ta buɗe kula. Turancin takardar ya fi ƙarfinta, amma hotunan da lambobin ta gane su, kuma hannun Ari na nan a idonta. Ta jiƙa ƙaro ta liƙa kujeru. Ƙaro ba ya riƙe roba kamar gam. Tayar baya ta faɗi ya fi sau goma, tana mayarwa tana kuka. Ta shafa wa tayoyin kwalli don su yi kamar sun sha hanya. Ta fente ƙofar direba da farin fentin farce na cikin lefenta, tana riƙe numfashi yadda yake yi. Ya zarce ya taɓa shuɗin, ta kankare da allura ta sake. Carbin madubi kuwa da ƙananan duwatsun tsohuwar sarƙarta ta yi shi a zaren ɗinki. Fitila ce kaɗai ta bari. Waya ba za ta sake shiga ɗakin nan ba.

Wata bakwai ta yi tana wannan aiki. Zuwa lokacin Ya Kaka ta kwanta ciwo, abinci sai an matsa mata. Wata safiya Kulu ta kai mata kunu, ta ajiye motar a kan darduma.

Tsohuwar ta daɗe tana kallo. Ta miƙa yatsa ta taɓa farar ƙofar.

"Saniyar Potiskum," ta ce, muryarta kamar ta yarinya. "Motar Goni ce... A nan na zauna, a bayan nan, ina kuka har Wudil. Wa ya yi wannan?"

"Shi ya fara. Taki ce. Ran Sallah ya so ya ba ki."

"Wayoyin..."

"Na fitilarta ne."

Ya Kaka ta toshe bakinta da zane, kukan da ta yi kusan shekara biyu tana haɗiyewa ya ƙwace. Da ta samu numfashi ta kamo hannun Kulu.

"Kin sani?"

"Na ga fenti a mayafinki."

"Kika bari Falmata ta zage ki shekara biyu? Kika bari unguwa...? Wayyo Allah, 'yar nan, me ya sa ba ki tona ni ba?"

"In na faɗa ba zai dawo da shi ba. Ke kuma da wane ido za su dube ki?"

"Zan faɗa. Kira min Falmata. Yau zan faɗa!"

Falmata ta zo da yamma, ta zauna, ta yi ta surutun tsadar gari da rashin imanin wasu, tana harar Kulu. Ya Kaka ta buɗe baki sau biyu tana rufewa. Ta ce gobe. Goben ta ce jibi. Kwana tara bayan haka ta cika, motar na gefen matashinta, ba ta faɗa ba.

Bayan sadakar arba'in Falmata ta ce gidan na magada ne, mai zaman jiran gawa ta san inda za ta nufa. Gwaggo ta sake zuwa, wannan karon da mota a ƙofar gida. Kulu ta durƙusa a gabanta ta ce a yi mata afuwa, igiyar aurenta na nan, ba za ta fita ba sai an kawo mata shi ko an nuna mata kabarinsa. Gwaggo ta ce to babanta ya cire hannunsa. Falmata ta kulle ɗakin Ya Kaka ta tafi da mukulli. Kulu ta zauna ita kaɗai a gidan da ko sallama ba a yi, tana kitso da ɗinkin hular da Haruna ke karɓa, ita ma kanta ta daina sa rai. Zama kawai take.

Shekara uku da wata biyu da ɗaukarsa, wata Laraba da rana tsaka, aka yi sallama a zaure da muryar da ba ta sani ba. Ta leƙa ta ga wani tsoho ramamme a jingine da bango, Haruna na riƙe da shi. Sai da ya ce "Kuluwa" sannan ta gane. An sako su ne su da yawa, ba a ce sun yi laifi ba, ba a ce ba su yi ba. Haƙoransa biyu babu. Hannayensa kuwa rawa suke yi ba tsayawa, ko kofin ruwa sai da ta riƙe masa.

Abu na farko da ya tambaya, "Ina Ya Kaka?"

Washegari Falmata ta raka shi maƙabarta. Kulu ta san abin da za a faɗa masa a hanya. Da ya dawo ya zauna a bakin tagar da teburinsa yake a da. Kulu ta ɗauko kula ta buɗe ta ajiye motar a gabansa.

Ya kai hannu, hannun ya ƙi tsayawa, ya janye don kada ya karya ta. Ya sunkuya yana duba ƙofar, da carbin, da kwallin tayoyin.

"Ke kika ƙarasa?"

"I."

"Layin ƙofar ya ɗan karkace." Ya yi wani abu mai kama da murmushi. "Ta gani?"

"Ta gani. Ta ce saniyar Potiskum."

Ya kifa kai a gwiwa. Da ya ɗago idonsa ya yi ja.

"Kin san me ya riƙe ni a can? Akwai ranar da na roƙi Allah ya ɗauki raina. Sai in tuna Ya Kaka na kan darduma tana min addu'a, ita da ta gargaɗe ni na ƙi ji. In ce ba zan mutu ban nemi gafararta ba. Ga shi ban same ta ba." Ya juyo ya dube ta. "Ya Falmata ta faɗa min zancen buhun."

Maganar na nan a kan harshen Kulu, kalma huɗu kacal. Mayafin ma yana nan a ƙasan akwatinta, da zirin shuɗinsa da wanki bai fitar ba. Ita ta ɓoye shi ranar rasuwar. In ta ɗauko, sunanta ya wanku a wajensa, a wajen Falmata, a wajen babanta da duk Zaitawa.

"Kar ki ce komai," in ji Ari. "Na san tsoro ne. Yarinya ce ke, an tsorata ki. Ba zan ce zan manta ba, Kulu, ƙarya ne. Duk sanda na dubi hannun nan zan tuna. Amma kin zauna. Kin yi jinyar uwata. Na yafe. Duk wanda ya kai buhun nan bola, na yafe masa duniya da lahira."

Ta dube shi. Babu abin da ya rage masa, ba rumfa, ba lafiya, ba hannu, sai tsohuwar nan a kan darduma. In ta karɓe masa ita, da me zai tashi gobe?

Ta durƙusa, hawaye na ɗiga a kan tabarma. "Na gode, Malam," ta ce. A ranta kuma ta ce, Ya Kaka, kin ji, yafiyar nan taki ce, ga ta nan ta iso.

Masu karatu, haƙuri yana biya, amma ba kullum yake mayar wa mutum abin da aka ɗauke masa ba. Kulu ta samu mijinta, ba ta samu wanda aka tafi da shi ba. Falmata har yau ba ta amsa gaisuwarta. Wani lokacin in Ari ya kasa ɗaura maɓallin rigarsa, yakan dube ta da wani kallo na daƙiƙa ɗaya kafin ya kau da kai, ta san ma'anarsa, ta matso ta ɗaura masa. Tsoro ya sa uwa ta cuci ɗan da take ƙoƙarin karewa, kunya ta hana kalma ɗaya fita a ranar da za ta yi amfani. Wanda duk ya ga ɓarna na tafe, ya yi magana tun da sauran lokaci. In kuma lokacin ya wuce, ya duba ko gaskiyar tasa gyara za ta yi ko ƙarin rauni.

Fijon na nan a kan taga, fitilunta ba su taɓa kamawa ba. Ranar da Ari ya fara fita masallaci da ƙafarsa, Kulu ta ɗauko mayafin daga ƙasan akwati, ta yanke gefen mai fenti da almakashi, ta tura shi a murhu ƙarƙashin tukunyar tuwo. Ta tsaya har ya zama toka. Ba za ta faɗa wa Ari ba, ba za ta faɗa wa Gwaggo ba, ko 'ya'yan da za ta haifa ba za su ji ba. Ta gyara itacen, ta ci gaba da tuƙi.